Daga Tulu Zuwa Jarka: Tarihin Masana'antun Roba da Taki, da Matsayinmu Mazauna Minna

A wannan karo waiwaye za mu yi, tunda masu iya magana sun ce shi ne adon tafiya.

Mabuɗi

Idan mai karatu yana da naira 20 a aljihu, ina so ya fito da ita ya duba da kyau. A gabanta hoton Janar Murtala Muhammad ne, wanda ya ƙirƙiro Jihar Neja a watan Fabrairun 1976, har Minna ta zama hedkwata. A bayanta kuma wata mata ce tana ginin tukunya, wato Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi da ta yi suna a duniya daga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Suleja, kuma a nan Minna ta rasu a shekarar 1984. To ita kanta takardar kuɗin fa? Tun 2007 ta tashi daga takarda ta koma leda, irin wadda ake samarwa daga man fetur da iskar gas. Wato dai an buga hoton maginiyar tukwane a kan abin da ya kashe kasuwar tukwane.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu bi sawun wannan leda. Duk wanda ya zaga Kasuwar Kure ko ya tsaya a shataletalen Mobil ya san cewa abincin da yawa daga cikinmu a jikin 'ya'yan man fetur yake: buta, bokiti, jarka, silifa, tabarmar roba, katifa, garin sabulun wanki, buhun bakko, takin yuriya da kamfa. Mu ke sayarwa, mu ne kuma 'ya'yanmu ke tsince su a bola idan sun mutu. Amma su wa ke ƙera su? Su wa ke zama da gwamnati idan za a yanke hukunci a kansu? Me ya sa bayan shekara sama da ɗari a garin nan har yanzu muke bakin layi?

Yadda Muka Zo

Minna asalinta garin Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwarawa. Jirgin ƙasa ne ya mayar da ita mahaɗa. A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, ya kuma isa Kano a 1911. Layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru a Minna ya haɗu da shi. Lebura da 'yan kwangila da mahauta da malamai da fatake suka biyo dogo daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, suka sauke kaya. Sunayen unguwanni irin su Kwangila da Limawa da Unguwar Daji da Ƙetaren Gwari sun isa shaida.

Kayan da kakanninmu suka tarar, da waɗanda suka zo da su, duk daga ƙasa da daji suke. Ruwa a tulu da randa, waɗanda matan Gbagyi suka ƙware wajen ginawa. Tuwo a akushi, fura a ƙwarya, alwala da shantali ko butar duma. Shimfiɗa tabarmar kaba, takalmi na fata, hatsi kuma a buhun ashasha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya akwai mai yin sa a kusa, ana iya zuwa gidansa a yi ciniki. Mai saye ya san mai yi.

A wannan shekara ta 1907 da aka fara layin Baro, a can Amurka wani masani mai suna Leo Baekeland ya haɗa robar farko da ba daga bishiya aka tatso ta ba. A 1933 ma'aikatan kamfanin ICI na Ingila suka gano robar da ake kira PE, wadda da ita ake yin leda da jarka. A 1954 wani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya samar da wadda ake kira PP, ta bokiti da kujera da buhun bakko. Shekara biyu bayan haka, a 1956, aka haƙo man fetur a Oloibiri. Babu wanda ya zo Limawa ya sanar da masu sayar da ƙwarya, amma tun daga lokacin kwanan sana'arsu ya fara ƙarewa.

Yadda Mai Ke Zama Buta

Kafin mu ci gaba yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda aikin yake, don a nan ne bambancin manya da matsakaita ya fito.

Babbar masana'anta ita ce mai karɓar iskar gas ko wani ɓangare na ɗanyen mai, ta dafa shi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 800, har ƙwayoyin halittarsa su farfashe. Daga nan sai a sake sarƙa su su zama 'yan ƙwayoyi farare masu kama da shinkafa, a ɗura a buhu mai kilo 25. Irin wannan masana'anta ɗaruruwan miliyoyin daloli take ci, kuma dole ta zauna inda gas ko ɗanyen mai ke iso mata ba yankewa. Shi ma takin yuriya haka yake: daga gas da iskar da muke shaƙa ake haɗa sinadarin amoniya, daga shi a samu yuriya.

Matsakaiciyar masana'anta kuwa ita ce mai sayen waɗannan ƙwayoyi, ta narka su, ta zuba launi, ta tura cikin moli, buta ko bokiti ya fito. A ɓangaren taki ita ce mai sayen yuriya da sauran sinadarai ta gauraya su su zama kamfa. Ita ba ta buƙatar rijiyar mai. Abin da take nema shi ne wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, hanya mai kyau, jari, da kasuwa a kusa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zamanin da Gwamnati Ta Gwada

Bayan yaƙin basasa kuɗin mai ya shigo, gwamnatin tarayya ta ɗaura niyyar kafa manyan masana'antun da kanta. Rabon Arewa ya faɗo a Kaduna. A 1976 aka buɗe kamfanin takin supa a can. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, tana iya tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000. Ɗanyen man da take sha ta bututu yake zuwa tun daga yankin Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. Wani ɓangarenta ma an tsara shi ne don ɗanyen mai mai kauri da ake sayowa daga ƙasashen waje, saboda da shi ake samun baƙin mai da kwalta da kakin kyandir.

A 1988, zamanin mulkin ɗan garin nan, Janar Ibrahim Babangida, aka ƙara wa matatar sashen sinadarin LAB, mai iya fitar da tan 30,000 a shekara. Wannan sinadari shi ne uwar garin sabulun wanki, shi ke kawo kumfa da cire datti. A wannan zamani ne kuma aka buɗe sashen robar PP a Warri, tare da na wani baƙin gari mai kama da kunkunniya da ake sa wa tayar mota. A Onne ta Jihar Ribas kamfanin NAFCON ya fara fitar da yuriya a 1987. Masana'antar roba ta Eleme, wadda ta fi su duka girma, ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1990. Mu kuma a Minna rabonmu shi ne depon NNPC da ke Pogo, inda tataccen mai zai riƙa isowa ta bututu.

A takarda tsari ne mai kyau. To amma kowace daga cikin waɗannan masana'antu rayuwarta a hannun wata take. Sashen LAB na Kaduna daga matatar yake samun kananzir da sauran abin da yake sarrafawa, don haka duk ranar da matata ta tsaya shi ma ya tsaya. Ita kuma matatar tana jiran bututun da ɓarayi ke fasawa, da ɗanyen man waje da ake yawan kasa sayowa, da gyaran da ya kamata a riƙa yi mata duk bayan 'yan shekaru amma ake tsallakewa. NAFCON ya daina aiki a 1999. Eleme ta yi ta tafiyar hawainiya ƙasa da ƙarfinta. Kamfanonin taya ma da ake sa ran su sayi baƙin garin Warri suka tattara: Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya bi shi a 2008.

Da gwamnati ta gaji sai ta fara sayarwa, kuma a nan hanyar Kudu da ta Arewa suka rabu. A 2005 aka sayar da NAFCON, ya koma Notore. A 2006 kamfanin Indorama ya sayi kashi 75 cikin ɗari na Eleme a kan dala miliyan 225, ya gyara ta, ta koma fitar da ƙwayoyin roba, a 2016 kuma ya ƙara da masana'antar yuriya mai tan miliyan 1.4 a shekara. Ita ma matatar Kaduna an sayar da kashi 51 nata a watan Mayun 2007 ga wani rukunin 'yan kasuwa mai suna Bluestar, wanda Aliko Ɗangote ke ciki. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi bore, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta warware cinikin a wannan shekarar, aka mayar musu da kuɗinsu. Da NNPC ya wallafa binciken kuɗinsa a 2020, sai ga shi a shekarar 2018 matatar Kaduna ba ta shigar da ko kwabo ba, alhali ta yi asarar sama da naira biliyan 60. A 2023 aka sake ba kamfanin Daewoo na Koriya kwangilar gyaranta.

Shi kuwa Ɗangote da aka mayar wa kuɗinsa, bakin teku ya nufa. A Lekki ta Jihar Legas ya buɗe masana'antar yuriya mai tan miliyan 3 a shekara a 2022, ya buɗe matatar mai ganga 650,000 a 2023, a 2025 kuma ta fara fitar da ƙwayoyin PP. Sakamakon wannan duka shi ne manyan masana'antun sinadaran fetur da suka rayu sun taru a bakin ruwa, a Ribas da Legas.

Kano da Matsakaita

Abin da ya rage wa Arewa shi ne matsakaitan, kuma cibiyarsu Kano ce, a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Tun shekarun 1960 aka fara narka roba a can. Da yawa daga cikin masu su baƙi ne kamar yadda muke baƙi a nan: Kwarori daga Labanan, Indiyawa, da 'yan Sin irin su rukunin kamfanonin Lee, waɗanda silifansu ya game Arewa har Nijar da Chadi da Kamaru. Iyalin Moukarim ma, masu katifar Mouka, a Kano suka fara harkarsu a 1959. Daga baya 'yan kasuwar gida suka shigo. Daga waɗannan masana'antu kaya ke sauka Ƙofar Wambai da Sabon Gari da Singa, inda dillalan Minna ke zuwa sari.

Babbar jarrabawar da suka fara haɗuwa da ita ita ce ta 1986. Kafin lokacin darajar naira kusan ɗaya take da ta dala, mai lasisin shigo da kaya kuma yana samun ƙwayoyin roba da araha. Da aka kawo shirin SAP aka soke lasisin, aka fara gwanjon dala a watan Satumba, a zaman farko dala ɗaya ta haura naira 4. Mai masana'antar da ke sayo komai daga waje ya wayi gari jarinsa ya narke. Bayan wannan sai matsalar wuta, kowa ya koma janareto da dizal, sai kuma kayan waje masu araha. Masaƙu da dama sun mutu a Kano da Kaduna. Masu roba sun fi su jurewa, saboda dalili mai sauƙi: bokiti abu ne mai cin wuri ga arha, ɗauko shi daga wata nahiya bai cika biya ba. Sannan sun koyi haɗa sabuwar ƙwaya da tsohuwar robar da aka niƙa.

Yanzu mai karatu ya duba taswira. Tirelar da ta ɗauko ƙwayoyin roba daga Eleme zuwa Kano, tafiyar sama da kilomita 1,000, ta gefen Suleja da Tafa take wucewa. Wadda ta taso daga Legas ta Jebba da Mokwa take shigowa. Dukkansu sai sun taka Jihar Neja. Su kai Kano a narka, sannan mu bi su a baya da kuɗinmu mu sake ɗauko su a matsayin buta da bokiti, mu biya kuɗin mota karo na biyu. Ga shi kuma jihar nan ce mai madatsar Kainji tun 1968, da Jebba, da Shiroro tun 1990, ga ta Zungeru ta ƙaru. Wutar da injin moli ke nema daga nan take tashi. Amma in aka ɗebe masu fiya wata da ƙananan masu yanka leda, abin da Minna ta fi shahara da shi a wannan fanni shi ne kamfanin haɗa taki na Morris, wanda har unguwar da yake ta ci sunansa.

Ƙungiyoyi: Inda Ake Yanka Nama

Masu masana'antu sun daɗe da gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majalisun 'yan kasuwa sun riga su kafuwa, ta Legas ma tun 1888. Sai dai buƙatar mai shigo da kaya da ta mai ƙerawa ba ɗaya ba ce: wancan yana son a rage kuɗin fito, wannan yana son a ƙara. A 1971 masu ƙerawa suka kafa tasu, wato MAN, mai hedkwata a Ikeja. A cikinta akwai rukunin masu sinadarai da magunguna, da rukunin masu roba da soso. A Kano kaɗai tana da rassa biyu, na Bompai da na Sharaɗa da Challawa. Akwai kuma CANMPEF, wadda ke zama da ƙungiyar ma'aikata a kan albashi a madadin masu kamfanonin sinadarai, da FEPSAN ta masu yin taki da rarraba shi.

Aikin irin waɗannan ƙungiyoyi ba ya da hayaniya. Ofis ne da ma'aikata masu albashi, masu tattara alƙaluma, su rubuta takarda, su kai wa minista ko majalisa kafin a sa hannu a doka. Misali uku za su nuna mana yadda wannan aiki ke sauka a rumfunanmu.

Na farko, a watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana wa dala a farashin gwamnati. A cikinsu har da kayan roba da ƙwayoyin PP. Ga mai yin ƙwayoyin a cikin gida wannan garkuwa ce. Ga mai narkawa a Sharaɗa kuwa wuƙa ce, don abin da ake yi a gida bai kai yawan da ake nema ba, kuma ba kowane iri ake yi ba, dole ya nemi dala a kasuwar bayan fage. Wato babba da matsakaici duk masu masana'anta ne, amma doka ɗaya ta yi wa ɗaya daɗi ta cuci ɗaya. MAN ta yi ta kiran a cire ɗanyen kayan aiki daga jerin. Ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Oktoban 2023. Duk tsawon shekarun nan mai rumfa a Minna yana ganin dozin ɗin bokiti na hawa, yana shan faɗa daga mai saye, bai san daga ina iskar ke kaɗowa ba.

Na biyu, a watan Disambar 2016, lokacin ziyarar Sarkin Maroko Muhammad na Shida, FEPSAN ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin OCP na ƙasarsa. Daga nan shirin taki na shugaban ƙasa ya samo asali. Tsarin shi ne a daina shigo da kamfa haɗaɗɗe: a kawo sinadarin fosfet daga Maroko, a sayi yuriya daga Indorama da Notore, a haɗa da farin dutse na gida, a raba wa matsakaitan kamfanoni su gauraya, a sayar da buhu a kan naira 5,500. Kamfanoni 11 aka fara da su a 2017, Morris na Minna yana cikinsu. A 2018 aka ƙara taki a jerin kayan da aka hana wa dala. Kamfanonin da suka daɗe a rufe suka farfaɗo, wasu sababbi suka taso. Farashin bai ɗore ba, musamman bayan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar naira a 2023. Duk da haka darasin a fili yake: ƙungiya ce ta zauna da wata ƙasa da gwamnati ta sama wa 'ya'yanta aiki.

Na uku, a farkon 2023 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan robar da ake amfani da ita sau ɗaya a jefar. MAN da takwarorinta suka tashi tsaye, a watan Yulin shekarar Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da harajin. A Legas kuwa kukansu bai hana gwamnatin jihar haramta robar zuba abinci ta soso a watan Janairun 2024 ba, ta kuma faɗaɗa haramcin a 2025. Ba na cewa masu son taƙaita leda ba su da gaskiya. Duk wanda ya ga yadda take toshe magudanan ruwa a Kpakungu da Maitumbi da damina, ko ya tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin saniya, ya san akwai matsala. Abin lura shi ne irin wannan doka tana iya isowa kowace jiha, kuma ranar da ta iso wanda ya zuba jarinsa kaf a leda shi zai fara kwana da yunwa.

A duk zaman ukun nan an yi maganar kayan da muke ci da su. Ba kujerar mai rumfa ko ɗaya.

Mu Fa, Ina Muke?

Muna baki biyu na igiyar. A wannan bakin mu ke sari mu sayar da ɗaiɗai, ribar 'yan nairori a kan kowace buta. A ɗaya bakin yaranmu 'yan jari bola ne ke bin unguwa-unguwa da buhu, suna tara matacciyar roba, a auna a kilo, a loda a mota ta koma inda injuna suke. Tsakiyar igiyar, inda ake narkawa da ƙerawa, inda riba da aikin yi suke, nan ne ba mu.

Ba rashin ƙungiya ba ne ke damun mu. Kusan kowane layi a kasuwa yana da shugaba da ma'aji, kuma suna aiki: sasanta rigima, rabon rumfa, gudummawar biki da ta gobara, kai gaisuwa fada. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu ke da rajistar yawan 'ya'yansu, ko lissafin kayan da suke saye a shekara. Wanda bai da alƙalumma a hannu, in ya je gaban kwamishina roƙo zai yi, ba ciniki ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda ba ma son a faɗa. Har yanzu da yawanmu zaman ci-rani muke yi a zuci. Mutum an haifi kakansa a Kwangila, amma da ya sami ƙarfi sai ya tura kuɗin can garin asali ya gina gidan da ba ya kwana a ciki sai da Sallah. Mai tunanin gobe zai tashi ba ya sayen inji, don inji ba ya shiga akwati. Ban manta da dalilan wannan tsoro ba, batun takardar asali da makamantansa gaskiya ne. Amma Kwarori da 'yan Sin da suka kafa injuna a Bompai sun fi mu nisa da gida. Alhassan Ɗantata ma, kakan mahaifiyar Ɗangote, shekaru ya yi yana zaman fatauci a Kumasi da Akara. Zuri'ar da ta fara da fataucin goro ita ce yau ke da matatar Lekki, saboda a wani mataki ta tashi daga saye da sayarwa ta shiga ƙerawa.

Kammalawa

Ba wanda ke cewa mu gina irin Eleme a Chanchaga. Tarihin Kaduna ya nuna abin da ke faruwa da babbar masana'antar da ke nesa da abincinta, ko da yake bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 yana iya sauya lissafin wata rana. Matsakaicin mataki ne ke gabanmu, kuma ba ya buƙatar jiran kowa.

Masu jari bola za su iya haɗa kuɗi su sayi injin niƙa da na wanki, don niƙaƙƙiyar roba mai tsabta ta fi tarkace daraja, ta kuma fi sauƙin ɗauka. Dillalan roba za su iya haɗa odarsu wuri ɗaya su tunkari masana'anta kai tsaye, daga nan su yi tunanin injin moli ɗaya na buta ko bokiti. Ƙungiyoyinmu su ɗauki sakatare mai karatu, su riƙa ajiye lissafi, su shiga majalisar 'yan kasuwa da masana'antu ta jiha a riƙa jin muryarsu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan Minna tun 1983, tana koyar da injiniyancin sinadarai, mu tura yaranmu. Kuma duk abin da za mu yi mu yi shi tare da masu masaukinmu, Gbagyi da Nufawa, don su ke da ƙasar, su ne manoman doya da shinkafa masu sayen takin, kuma masana'antar da ta zama ta ƙabila ɗaya ba ta daɗewa.

Maginan tukwane da masu fafe ƙwarya ba su da wanda ya gaya musu abin da ke tafe. Mu mun ga yadda aka yi, da shekarunsa da sunayensa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya san wani abu game da dattawan da suka fara kawo kayan roba kasuwar Minna, ko ya ga inda na yi kuskure, ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa mu dace, Ya albarkaci nemanmu. Sai mun sake haɗuwa.